Kwat a Kan Kaftani: Adon Maza a Hunturun Arewacin Zamfara

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, sahun sallar asuba a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi yakan canza kama. Kaftani da hula suna nan, sai dai an yi musu ƙari: wani da doguwar kwat har gwiwa, wani da jaket mai kumburi, dattijo kuwa ya yafa gwado ya naɗe kunnuwa da rawani. Samari ba maganin ɗari kaɗai suke nema ba, har da na gani a yaba. Ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne, yawancin waɗannan riguna ba don irin sanyinmu aka ɗinka su ba.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Busasshiya ce ƙayau. Da yake babu laima ko gajimaren da zai riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, da dare ya yi sai zafin ya tsere sama. Kafin asuba ma'auni yakan sauka ƙasa da digiri 15, zuwa azahar kuma ya kai 30 ko ya zarce. Ke nan sanyinmu na safe ne da dare. Kwat ɗin da aka yi wa mutumin Jamus ko Koriya, wanda ke wuni cikin ƙanƙara, kafin hantsi ta fara dafa mai ita. Sau nawa muke ganin saurayi a bakin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, rana ta take, gumi na tsattsafo masa a goshi, amma ya ƙi cirewa don kada ado ya ɓaci?

Tufa ba ta ƙirƙirar ɗumi. Jiki ne ke samar da shi, ita kuwa aikinta ta tsare iskar da jikin ya ɗumama. Shi ya sa singileti, kaftani da kwat marar nauyi suka fi jibgegiyar riga guda amfani: tsakanin kowace biyu akwai iskar da ke tsarewa, kuma idan rana ta ɗaga sai a rage ɗaya. Ɗan kabu-kabu lissafinsa daban ne. Gudun babur yana share ɗumin jiki nan take, don haka shi rigar da iska ba ta ratsawa yake buƙata, mai zif har wuya.

Ɗora riga a kan riga ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Alkyabbar sarakuna da jabba ta hanyar fataucin Sahara suka iso daga Arewacin Afirka, falmaran ma ta daɗe a jikin malamai da attajirai. Kwat ta biyo zamanin Turawa, zamanin da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Yau kuwa gwanjo ne ya raba ta ga kowa. Duk da cewa tsofaffin tufafi na cikin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su, diloli na sauka a Kwatano da Lome, su biyo ta kan iyakoki, su cika kasuwanni irin Ƙofar Wambai a Kano, daga nan 'yan sari su kai su kasuwar Alhamis ta Shinkafi da sauran kasuwannin mako. Tsadar dala da rashin tsaron hanya, wanda ya sa aka rufe kasuwannin mako na Zamfara a 2021, duk sun hau kan farashi.

A wurin mai gwanjo ake gane wanda ya san kaya. Ba ya fara taya kuɗi. Zai juya kwat ya duba shafin ciki, ya ja zif sama da ƙasa, ya leƙa hammata, sannan ya saka ta a kan kaftaninsa ya miƙa hannu ya ga ko kafaɗa ta zauna. A ganina, wadda ta tsaya wajen cinya ta fi dacewa da kaftani. Gajeriya tana yanke mutum biyu. Baƙa tana da kwarjini, amma ƙurar hunturu ba ta raga mata, kafin la'asar ta yi fururu. Ruwan ƙasa da ruwan toka sun fi rufa asiri.

Sai batun wuta. Jaket mai sheƙi yawanci zaren roba ne, kuma tartsatsi ɗaya a teburin mai shayi ya isa ya huda ta. Idan ta kama, narkewa take yi ta manne a fata. Ulu ba ya saurin kamawa. Mai son zaman jin ɗumi ya duba ɗan ƙyallen da ke wuyan riga ko gefenta, inda ake rubuta irin zaren, kuma ya wanke ta ya shanya a rana kafin ya fara sakawa.