Kolo a Kan Dusar Ƙanƙara

Uwar da za ta sa ɗan shekara uku a makarantar allo ba ta fara tambayar inda manyan alarammomi suke. Ta san akwai tsangayu masu suna a Gabas, inda gardawa ke raba dare suna tilawa, amma lokacinsu bai zo ba tukuna. Tambayoyinta 'yan kaɗan ne. Zauren malam yana kusa, yadda yayyensa za su riƙe masa hannu su tafi? Malamin yana da haƙuri da ƙanana, ko mai saurin ɗaga dorina ne? In yaron ya ɓarke da kuka ko fitsari ya matse shi, akwai mai dawo da shi gida? Kuɗin Laraba ba zai gagare ta ba? Ta san a watannin farko kolo zama kawai yake koyo, da riƙon allo, da sabawa da muryar wani babba wanda ba na gidansu ba.

Da irin wannan idon nake ganin ya kamata iyalanmu da zama ya kai Landan ko Faris ko Hambug su dubi maganar kai yaro koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara. Yara kan dawo daga makaranta da labarin abokansu sun je dutse hutun hunturu, iyaye su ce to mu ma bari mu gwada. Da sun buɗe intanet, manyan sunaye ne ke fara tarbarsu: Courchevel da Méribel da Val Thorens, waɗanda suka haɗu a yankin da Faransawa ke kira Kwari Uku, mai hanyoyin zamiya na kilomita 600. Nan ne tsangayar gardawa. Tikitin hawa na kwana shida ga babban mutum a can ya haura Yuro 350, alhali a ƙananan wurare na tsaunukan Jura ko Vercors rabin haka ko ƙasa da haka ya isa.

Mu fara da abin da ɗan shekara uku yake yi in an kai shi. A Faransa, makarantar da ta fi yawan rassa ita ce ESF, wadda aka kafa a 1945, malamanta masu jajayen riguna. Ajin ƙanananta ana ce masa Piou-Piou, galibi daga shekara uku ake karɓa. Wani ɗan fili ne da aka kewaye da raga, bai kai filin ƙwallo ba, gangarensa kuwa sai ka lura sosai za ka gane gangare ne. An kakkafa 'yan gumakan roba masu launi da ƙofofin baka da yara ke ratsawa. A gefe akwai bel mai tafiya a ƙasa wanda yaro ke tsayawa a kai ya haura da shi 'yan taku kaɗan. Ranar farko wasu malaman katakon zamiya ɗaya kawai suke ɗaura wa yaro, ya yi ta jan ƙafa yana zagaye. Sai a ƙara na biyu. Sai a koya masa faɗuwa da tashi, wanda shi ne rabin aikin makon. Daga nan a zo ga babbaƙun wannan sana'a: ya haɗa kawunan katakon biyu a gaba, ya buɗe dugadugansa, ya ga ya tsaya da kansa. Ba a ba shi sanduna. Zaman bai fi awa biyu ko biyu da rabi ba, a ciki har da shiga ɗaki a ɗumama jiki a ci biskit. Ana farawa Lahadi a gama Juma'a, a maƙala masa lambar yabo a ƙirji.

Iyakar duniyarsa ke nan har mako ya ƙare. Kilomita 600 ba ta ƙara masa komai ba. A wurare da yawa ma yaron da bai kai shekara biyar ba ba ya biyan kuɗin hawa. Iyaye kuwa, in su ma sababbin shiga ne, kamar yadda akasarinmu muke, gangaren 'yan koyo da ke gindin dutse ya ishe su, kuma wasu wuraren kyauta suke barin sa.

Abin da ya cancanci a kashe wa kuɗi shi ne kusanci, kuma nan ne mutane suka fi tafka asara da sunan tattali. Dubi safiya ɗaya. Ƙarfe takwas an tashi yaro, an sa masa rigar ciki mai ɗumi, an ɗora ta ulu, an zura shi cikin babbar riga mai haɗe da wando, an ja zif har wuya. An sa safar hannu, ya cire, an mayar. Sai takalman zamiya, masu tauri, waɗanda ba sa barin idon sawu ya lanƙwasa, babba ma da ƙyar yake tafiya da su. An sa hular kwano da tabarau. Ana kai bakin ƙofa sai ya ɗago kai ya ce, "Umma, fitsari." A kwance komai a sake ɗaurawa. Yanzu uban ya saɓa katakonsa da na yaro a kafaɗa ɗaya, ya ɗauki yaron a ɗayar, domin bayan taku ashirin ya ce ƙafarsa ta gaji. In filin koyon yana bayan gida, tafiyar minti uku, duk wannan abin dariya ne da za a ba da labarinsa. In kuwa sai an tsaya jiran bas a cikin sanyi, an sauka, an bi layin keken igiya, to yaron ya gama kukansa da ƙarfinsa tun bai ga malam ba.

Bansko ta ƙasar Bulgeriya misali ce mai kyau. Masauki da abinci da kuɗin makaranta duk sun fi na Faransa da Ostiriya sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai garin yana ƙasa, filayen zamiya suna sama, keken igiya ɗaya ne ke haɗa su, tafiyar fiye da minti ashirin, kuma layinsa da safe a lokacin hutun makarantu ya yi suna wajen tsawo. Tafiya daga filin jirgin Sofiya ma kusan kilomita 160 ce. Ga matasa masu jini a jika, ciniki ne mai kyau. Ga mai goyo, araha ba ta ado. A cikin ƙasar dai, Borovets ta fi kusa da Sofiya, kimanin kilomita 70, kuma wasu otal ɗinta a bakin gangaren suke. Pamporovo kuma an san ta da gangare mai sauƙi. A Faransa akwai ƙauyukan da aka hana mota shiga tsakiyarsu, kamar Valmorel da Avoriaz, ko da yake ta biyun ba ta talaka ba ce. Le Lioran, a tsaunukan tsakiyar ƙasar, tana da tashar jirgin ƙasa a gindin dutsen. A ganina gara ƙaramin ɗaki mai ɗan tsada a ƙofar makaranta, a ƙauyen da ba wanda ya san sunansa, da faffaɗan gida mai araha a bayan gari mai suna.

Sai malam. Tsadar wuri ba ta sayo haƙuri, don haka a tambaya tun daga gida. Yara nawa ke hannun malami ɗaya? Akwai ɗaki mai ɗumi da banɗaki a jikin filin? In yaro ya ƙi, za a kira iyaye, ko za a mai da shi ɗakin reno, ko kuɗin ya tafi ke nan? Makarantu da yawa ba sa karɓar yaron da bai rabu da kunzugu ba, kuma ba a yi musu musu a kan ranar haihuwa, wasu har takarda suke nema. Harshe ma abin dubawa ne. Yaron da ya tashi da Hausa a gida da Ingilishi a makarantar reno, aka jefa shi cikin yara goma masu Faransanci, ga hula ta rufe masa kunne, ga baƙuwar fuska a bayan tabarau, ba laifinsa ba ne in ya ƙanƙame ƙafar uwarsa. Makarantun Andora da na Bulgeriya sun saba da baƙi daga Ingila, malamai masu jin Ingilishi ba sa wuya a can. Iyalan da suka fito daga Nijar ko Kamaru suka zauna a Faransa ko Beljiyam kuwa, wannan bai dame su ba, ƙananan ƙauyukan Faransa duk nasu ne. Faransa tana da wata alama da ake kira Famille Plus, tun 2006, wadda ake bai wa garuruwan da suka cika sharuɗɗan karɓar iyali. Ba ta tabbatar da halin malami, amma tana rage yawan wuraren da mutum zai bincika.

Akwai dokar da iyaye ke jin zafinta: da an miƙa yaro, a ɓace. Malaman sun san muddin yana hango uwarsa a bakin raga ba zai daina kuka ba. Duk wanda ya taɓa ganin an kai kolo zaure ranar farko ya san wannan, kukan yakan tsaya ne bayan an sha kwana.

Maganar tsawon dutse tana da baki biyu. Can sama an fi tabbacin samun dusar ƙanƙara, amma sanyi na ƙaruwa da kusan digiri shida da rabi a kowace mita dubu, ga iska, ga ƙarancin itatuwan da za su kare ta. Val Thorens tana kan mita 2,300, kuma a irin wannan tsawo ƙananan yara kan sha wahalar barci a dararen farko. Can ƙasa kuma ana iya zuwa a tarar da ciyawa, kamar yadda ya faru a farkon Janairun 2023, lokacin da ɗumi ya sa ƙananan wurare da dama a Faransa da Suwizalan suka rufe hanyoyinsu. Tsaka-tsaki ya fi, ƙauye irin Les Saisies mai mita 1,650, ko wanda ya ɗan fi shi ƙasa amma yana da injinan feso ƙanƙara a filin yara.

Babbar garaɓasar mai ɗan shekara uku, in ba a Faransa yake zaune ba, ita ce kalandar makaranta ba ta ɗaure shi ba. Farashi kan yi tashin gwauron zabi a makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da kuma Fabrairu, lokacin da yankunan Faransa uku ke karɓa-karɓar hutu, Ingila ma ta saki nata yaran. Tsakiyar Janairu ta fi araha amma ta fi sanyi, rana kuma gajera. Rabin Maris na biyu ya fi dacewa da ƙaramin yaro: farashi ya sauko, rana ta yi tsawo, yatsu ba sa daskarewa. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa cikin hunturun Turai, yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara, don haka a duba wata kafin a biya kuɗi.

Kaya kuwa haya ake yi. Katako da takalmi da hular kwano duk akwai su a shagunan ƙauyen, kuma yaron da zai fi ƙarfin takalminsa kafin baɗi ba a saya masa sabo. Riga a ara wurin abokai ko a sayi gwanjo. Safar hannu mai dunƙule yatsu wuri ɗaya ta fi mai rabe-rabe ɗumi, a tafi da biyu domin ɗaya za ta jiƙe. Safar ƙafa ɗaya tak, doguwa, kada a ninka. Tabarau dole ne: sabuwar dusar ƙanƙara na iya maido da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙuna, kuma baƙar fata ba ta kare ido. A Italiya doka ta wajabta hular kwano ga yara, tun 2022 kuma ta wajabta inshorar ɓarnar da mai zamiya zai iya yi wa wani. Ko a inda doka ta yi shiru, a tabbata inshorar tafiyar ta ambaci wasannin hunturu, domin sauko da wanda ya ji rauni daga kan dutse a Faransa kuɗi ake biya. Ɗaki mai kicin ya fi otal: naman halal yana wuya a ƙauyukan dutse, abincin gidajen cin abinci na da tsada, yaron da ya gaji kuma ba abin da yake so sai shinkafar da ya sani. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar da ke zaune a Ingila ya tuna Andora ba ta da filin jirgi kuma ba ta cikin Shengen, ta Faransa ko Sifaniya ake shiga a fita, don haka bizar shiga fiye da sau ɗaya ake nema.

Akwai inda kwatancen nan ya gaza. Kolo kullum yana zaure, abin da ya ji yau gobe za a maimaita masa. Mai koyon zamiya mako ɗaya ne a shekara, kafin wani hunturun ya manta rabi. Shi ya sa ban ga dalilin gaggawa ba. Ɗan shekara huɗu ko biyar ƙafarsa ta fi ƙwari, yakan kama cikin kwana biyu abin da ɗan uku zai yi mako yana fama da shi. Wanda ke shakka ya fara gwadawa a rufaffen ɗakin ƙanƙara. Akwai su a Manchesta da Milton Keynes da Hemel Hempstead, akwai a Holan da Jamus, akwai kuma Ski Dubai da aka buɗe a 2005 cikin Mall of the Emirates, wanda 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai suka sha leƙawa ta gilashi. Awa ɗaya a can ta isa a gane ko yaron zai yarda a sa masa takalmin. In ya yarda, a fara kama masa gurbi a makaranta kafin a biya kuɗin ɗaki ko jirgi, domin ajin ƙanana na safe shi ne ke fara cika, a makonnin Fabrairu ma tun kafin hunturu ya shigo.