Yadda Taki Ke Ƙara Wa Alkama Yabanya

'Yan'uwa manoman rani, alkama shuka ce mai son sanyi, kuma mai cin abinci da yawa. A ƙasarmu ana noma ta da ban ruwa a lokacin hunturu, a wurare irin su Kadawa, Haɗeja, Bakalori da gefen Tafkin Chadi. Lokacin shukarta shi ne daga tsakiyar watan Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Wanda ya makara, zafin bazara zai tarar da ita tana zuba ido, sai ƙwayar ta tsotse, kuma taki ba ya gyara wannan.

Galibin gonakin alkama an noma shinkafa ko masara a cikinsu da damina. Ke nan ƙasar ta riga ta gaji. Dole a mayar mata da abin da aka cire.

Takin gargajiya shi ne kashin shanu, na awaki da tumaki, na kaji, da sharar gida da ta ruɓe. Amfaninsa ya wuce ciyar da shuka. Yana sa ƙasa ta yi laushi, saiwa ta ratsa ta da sauƙi. Yana sa ƙasa mai yashi ta riƙe laima, ba za ta bushe da wuri ba bayan ban ruwa. Mai injin ban ruwa ya san kuɗin mai, don haka wannan ba ƙaramar riba ba ce. Kuma ƙarfinsa yana daɗewa, har shukar damina mai zuwa ta mora.

Amma akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi. Su kwaso ɗanyen kashi daga turke su watsa a gona ranar shuka. Ɗanyen taki yana da zafi, musamman na kaji, yana ƙone tsiro. Yana kuma ɗauke da irin ciyawa da dabbobi suka ci. Sai an bar shi ya ruɓe tukuna.

Ga yadda ake ruɓar da shi. A haƙa rami a inuwa, zurfinsa ya kai ƙugun mutum. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko bambaron shinkafa a ƙasa, a zuba kashin dabbobi a kai, a yayyafa ruwa. A ci gaba da jerawa haka har rami ya cika, sannan a rufe da ƙasa. Duk bayan mako 2 ko 3 a juya shi, in ya bushe a ƙara ruwa kaɗan. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya yi laushi, warinsa ya tafi. To, ya nuna. Wanda zai shuka a Nuwamba, tun a watan Agusta ya kamata ya haƙa raminsa. In daga juji aka kwaso, a tsince leda, kwalba da tsohon batir. Bambaron da ake cinna wa wuta bayan girbi kuwa, taki ne ake ƙonewa.

A watsa ruɓaɓɓen takin kafin kaftu, mako 2 kafin shuka, a gauraya shi da ƙasa. Kada a bar shi tsibi-tsibi rana tana dukansa.

To, ko takin gargajiya kaɗai zai wadatar? Da wuya. Yana sakin abincinsa sannu a hankali, alkama kuwa cikin wata 3 zuwa 4 take gama rayuwarta. Shi ya sa ake haɗa shi da takin zamani. Kamfa, wato NPK 15-15-15, ana sa shi lokacin shuka don saiwa ta kafu. Yuriya kuwa na ganye ne da fitar da 'ya'ya. Buhunsa mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, na kamfa kuwa kilo 7 da rabi. A sa yuriya bayan mako 3 zuwa 4 da shuka, bayan an cire ciyawa, in ba haka ba ciyawa za a ciyar. Ƙasa ta kasance da laima, a bi shi da ban ruwa kaɗan. In aka bar shi a fili cikin rana, ƙarfinsa zai bi iska. In aka cika ruwa har ya malala, zai bi ruwa zuwa gonar maƙwabci. Kada a gauraya shi da toka, tana korar ƙarfinsa.

Yawan yuriya ma illa ne. Alkama za ta yi tsayi da kore shar, gwanin sha'awa, amma karanta ba ƙarfi. Iska na kaɗawa bayan ban ruwa sai ta kwanta, zangarniya ta lalace. In kuwa tsofaffin ganyen ƙasa suka fara yin rawaya, shukar ta tsumbure, alamar yunwa ce.

Kafin ka sayi taki, kai malamin gona ya ga ƙasarka, ya auna maka buhu nawa za ta ci. A tambaye shi kuma ingantaccen iri na Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, ita ce mai kula da binciken alkama a Nijeriya.