Tsutsa da Sha'anin Gado

Jama'a, manomin tumatir a Ikara ko Dandamisa ya san ɓarnar tsutsotsin nan masu kumbura saiwa. To, wata danginsu ce, C. elegans, Sydney Brenner ya gabatar wa masana a 1974. Tsawonta milimita ɗaya, kuma ana hango cikinta sarai. Sa'ad da take yin ƙwai, sinadarin SPO-11 yakan tsinke zaren DNA da gangan, domin gadon uwa da na uba su yi musaya, sannan a ɗinke. Haka abin yake a jikinmu. In musayar ta gaza, kuromosom kan rabu ba daidai ba; a ɗan Adam, ƙarin na 21 ke haddasa ciwon Down. Cikin maɗinkan kuwa har da BRCA1, wadda lalacewarta kan jawo sankarar mama, kuma tsutsar ma tana da irinta.