Gashin Haƙarƙarin Sa a Tukunyar Lantarki: A San Nama Kafin a Kunna Wuta

Kowace uwargida ta san baƙin cikin nan: a kashe kuɗi masu yawa a sayi nama, a wuni ana hidima a kansa, sa'an nan idan aka zauna ci yara su yi ta ja da haƙora kamar masu tauna fata, tsofaffi kuma su ture kwano su ce sun ƙoshi. Da tsadar naman shanu a yau, asarar kilo uku a rana guda babban abu ne ga kowane gida, balle a ranar biki da baƙi suka cika gida.

Wata tukunyar gashi mai aiki da lantarki ta fara shiga wasu gidaje a biranenmu. Wasu 'yan'uwansu ne suka aiko musu daga ƙasar waje, wasu kuma a wurin masu kayan gwanjo suka saya. Ɗan littafin da ke zuwa tare da ita yakan koya yadda ake gasa haƙarƙarin sa dunƙule guda, da ƙashinsa da kitsensa. Mai bin littafin nan daki-daki da naman kasuwarmu, sau da yawa tauri yake samu. Dalili kuwa shi ne, da wani irin sa aka rubuta littafin, mu kuma wani irin sa muke ci. Wannan bambanci muke so mu duba a wannan mako, tare da abin da za a yi a kansa.

Asalin gashin da tukunyar

Gasa haƙarƙari dunƙule guda al'adar mutanen Ingila ce. Sukan sa naman a wuta da safiyar Lahadi kafin su tafi sujada, su dawo su tarar ya nuna, iyali su zauna su ci tare. Daga can al'adar ta haye zuwa Amurka, inda gashin haƙarƙari ya zama ɗaya daga cikin manyan abincin Kirsimeti.

Ita kuwa tukunyar, a Amurka aka ƙera ta a shekarun 1930, kuma kamfanonin Nesco da Westinghouse ne suka yi suna da ita. Akwati ce ta ƙarfe mai faɗi. A cikinta akwai babban kwano da ake iya cirewa, da ragar ƙarfe da ake ɗora nama a kai, da murfi, da maɓallin daidaita zafi. Babbarta takan ci kimanin lita 17. Zafinta daga jikin bangonta yake fitowa, kuma da yake cikinta bai kai na obin girma ba, tururin naman yakan tsaya a ciki. Saboda haka nama ba ya saurin bushewa a cikinta, amma kuma bayansa ba ya yin ja sosai kamar na tukuba. Duk sa'ad da aka ɗaga murfin, yawancin zafin yakan tsere, sai ta ɗauki lokaci kafin ta koma yadda take.

Sansu dabam, namu dabam

Sa yana da haƙarƙari 13 a kowane gefe. Abin da Turawa ke gasawa shi ne saman haƙarƙari na 6 zuwa na 12, inda suka haɗu da ƙashin baya, tare da doguwar tsokar da ke kwance a wurin. Tsokar nan ba ta aiki da yawa, shi ya sa tana cikin wurare mafi taushi a jikin dabbar.

A Amurka shanun nama irin su Angus da Hereford yawanci ba sa wuce shekara biyu ake yanka su. Kafin yanka akan tsare su watanni ana ba su masara, har kitse ya ratsa cikin tsoka kamar zare. Bayan an yanka kuma akan ajiye naman cikin sanyi mako biyu ko fiye, domin ya saki. Irin wannan nama, ɗan zafi kaɗan ya ishe shi.

Namu shanun kuwa, Bunaji da Rahaji da Bokolo, ciyawa suke ci, kuma da ƙafarsu suke neman ta. Da yawansu sai sun manyanta, ko sun gama noma ko ba da nono, sa'an nan a kai su kasuwannin Potiskum ko Mubi ko Maigatari. Kitsensu a tozo da ciki yake taruwa, kaɗan ne ke shiga tsoka. Jijiyoyin tsohon sa kuma sun riga sun yi ƙwari. Ga shi ranar da aka yanka a kwata, ranar muke saye mu dafa. Namanmu yana da ɗanɗano mai ƙarfi, amma yana neman lokaci da danshi kafin ya ba da kai.

A wurin mahauci

Aikin taushi daga nan yake farawa. Mahautanmu sun saba sara haƙarƙari gunduwa-gunduwa, don haka a je da sassafe kafin a sa masa gatari, ko a yi magana da mahauci tun jiya. Idan watanda aka yi a unguwa ko a wurin aiki, a nemi wannan sashe kafin a fara kasawa. A ce masa ya yanko saman haƙarƙari daga wajen baya, ƙashi uku a haɗe, ya rage tsawon ƙasusuwan yadda za su shiga tukunya, ya kuma bar kitsen da ke sama. Kilo biyu da rabi zuwa uku zai ishi mutum shida zuwa takwas idan akwai shinkafa ko dankali.

A tambayi mahauci gaskiyar dabbar: ɗan maraƙi ne, ko san kiwon gida da aka turke aka ciyar, ko kuwa tsohon sa? A kuma duba da ido. Naman ƙaramar dabba ja ne mai haske, kitsensa fari. Na tsohuwa yakan yi duhu, zarensa manya, kitsensa ya yi rawaya. Amsar nan ce za ta nuna wace hanya za a bi cikin biyun da za mu kawo a ƙasa.

Kwanaki kafin gashi

Sa'o'i kaɗan bayan yanka, tsokar dabba takan sandare, kuma sai ta kwana biyu cikin sanyi take fara saki. Wanda ya gasa naman da aka yanka da safe da yammar ranar, ya gasa shi a lokacin da ya fi tauri. Idan akwai firji mai sanyi sosai, wato digiri 4 ko ƙasa da haka, da wuta tsayayya, a ajiye naman kwana biyu ko uku. Idan ba a da tabbacin wuta, kada a gwada, domin ruɓewar nama ta fi taurinsa muni.

Kwana ɗaya kafin gashi a shafe shi da gishiri, kimanin ƙaramin cokali ɗaya da rabi ga kowane kilo, a mayar firji. Gishirin zai ratsa ciki ya taimaka wa naman ya riƙe ruwansa. Da safe a daka tafarnuwa da citta da masoro da ɗan kanumfari da barkono, a kwaɓa da man gyaɗa a shafe ko'ina.

Iyayenmu sukan naɗe nama da ganyen gwanda, kuma hikima ce ta gaskiya, gama akwai sinadari a cikin gwanda da ke narkar da zaren nama. Sai dai a babban dunƙule iyakarsa baya-baya, kuma idan ya daɗe yakan sa bayan ya yi taɓo. Awa biyu ta isa. Maganin ciwon kai da wasu ke jefawa a tukunya wai don nama ya yi laushi, wannan kam a guje shi ɗungum, domin yana iya yi wa hanta da ƙoda illa.

Hanya ta farko: nama mai kitse, na ƙaramar dabba

Da yake tukunyar ba ta sa nama ja, sai a fara soya bayansa a babban kasko mai zafi sosai, kowane gefe minti biyu ko uku, har ya yi launin ƙasa-ƙasa. Daga wannan ɓawon ne ƙanshin gashi ke fitowa. Kafin nan a riga an kunna tukunyar da murfinta a rufe na minti 20.

A ɗora naman a kan raga, ƙashi a ƙasa, kitse a sama, don kitsen ya riƙa narkewa yana gangarowa. Kada a zuba ruwa. A sa zafi a digiri 120 na ma'aunin Salsiyas. Idan tukunyar ta Amurka ce, lambobin da ke jikin maɓallinta na ma'aunin Faranhait ne: 250 a can shi ne 120 a namu, 300 kuma shi ne 150. Dunƙule mai kilo uku yakan ɗauki awa uku zuwa huɗu.

Agogo kimantawa kawai yake yi. Mai faɗin gaskiya shi ne ɗan ma'aunin zafi da ake soka wa nama, kuma kuɗinsa bai kai na naman da zai cece shi ba. A soka shi tsakiyar tsoka, kada ya taɓa ƙashi. Littattafan Turawa sukan ce a sauke tun tsakiyar na wajen digiri 52, domin suna son cikinsa ja-ja. Mu ba mu ba da wannan shawara ba. Ma'aikatar Noma ta Amurka kanta digiri 63 ta ƙayyade a matsayin zafin da naman sa ke zama lafiya a ci, tare da hutun aƙalla minti uku. A wurinmu, inda ba kowane nama ke bi ta hannun likitan dabbobi ba, naman da bai nuna ba yana iya kawo tsila. A sauke a digiri 60 ko sama, zafin da ke ciki zai ƙarasa shi zuwa 63 yayin da yake hutawa. A sake aunawa a tabbatar.

Hanya ta biyu: naman kasuwa, na babban sa

Wannan ce hanyar da yawancinmu za mu bi. Jijiyar tsohon sa ba ta narkewa a digiri 63. Sai zafin ciki ya wuce 70 take fara sakewa, kuma tana bukatar sa'o'i kafin ta koma wannan romo mai yauƙi da muke samu a farfesun ƙafar sa. Idan aka bar nama maras kitse tsawon wannan lokaci ba ruwa, zai bushe. Don haka a haɗa gashi da turarawa.

A soya bayan naman kamar yadda muka faɗa. A shimfiɗa albasa manya uku da aka yanka a ƙasan kwanon, a zuba romo ko ruwan zafi kofi uku, a ɗora naman kai tsaye a kai ba tare da raga ba. A sa zafi a digiri 150, a rufe. A bar shi awa uku ba a taɓa murfi ba. Bayan haka a duba sau ɗaya, a ƙara ruwan zafi idan ya tsotse, a juya naman, a sake rufewa. Yawanci yakan ɗauki awa huɗu zuwa biyar. Ya nuna idan tsakiyarsa ta kai digiri 90 zuwa 95, cokali mai yatsu ya shiga ba gardama, ƙashi kuma ya fara zamewa. Idan a awa ta uku aka ji shi da tauri, kada a karaya a ƙara wuta. Lokaci ne bai yi ba. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse ya sha romonsa.

Batun wuta

Tukunyar da aka yi don Amurka da ƙarfin wuta 120 take aiki, namu kuwa 230 ne. Wanda ya jona ta kai tsaye zai ƙona ta. A karanta rubutun da ke jikinta, idan 120 ne a nemi taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfin tukunyar. Babbar tukunya takan ja wajen wat 1,450, don haka ƙaramin janareto mai wat 900 ba zai ɗauke ta ba.

A kuma tanadi gawayi tun da wuri. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, a bar murfin a rufe. In rabin awa ya wuce ba ta dawo ba, a juye naman da romonsa a tukunyar ƙarfe mai kauri, a ɗora a kan garwashi marar ƙarfi, a zuba wasu garwashin a kan murfi. Kada a bar nama rabin dahuwa yana jiran wuta sa'o'i, domin a cikin ɗumi-ɗumin nan ne ƙwayoyin cuta suka fi yaɗuwa.

Hutu da yanka

Idan aka sauke, a lulluɓe naman sama-sama a bar shi minti 20 zuwa 30. Wanda ya yanka shi da zafinsa zai ga ruwan ya malale a faranti. Sa'an nan a bi jikin ƙashi da wuƙa mai kaifi a raba shi da tsoka. A duba inda zaren naman ya nufa a yanka a gicciye, falle-falle. Ruwan da ya rage a kwano a kwashe kitsen samansa, a tafasa shi da albasar nan ya yi kauri, a zuba a kan shinkafa. Ƙasusuwan kuma a ba yara, sun san aikinsu. Abin da ya saura a sa shi a firji kafin awa biyu, a lokacin zafi kuwa kafin awa ɗaya.

Idan akwai kaka ko kakan da haƙora suka yi wa ƙaranci a gida ko a maƙwabta, a fara yanka musu daga tsakiya, inda ya fi laushi. Ranar da suka cinye rabonsu suka nemi ƙari, uwargida ta san gashinta ya yi.