Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Ƙwaƙwalwar Baligi da Hanyoyin Shiga Jami'a

A garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, irin su Illo da Lolo da Kaoje da Tsamiya, akwai mutane da dama da suka ajiye alƙalami tun daga sakandare suka kama sana'a. Wani malamin firamare ne, wani ma'aikacin asibiti, wani kuma fatauci yake yi tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Idan sha'awar karatu ta taso wa irin wannan mutum bayan shekara goma ko ashirin, tambayoyi biyu ne kan tsaya masa a rai. Ta farko, anya kansa zai iya ɗaukar karatu kuwa? Ta biyu, ta wace ƙofa zai shiga? Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma kuma su ne suka ce gemu ba ya hana ilimi. Bari mu ga wanda binciken kimiyya ya fi goyon baya.

Ƙwaƙwalwa Ba Ta Daina Sauyawa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace ƙwaya tana sadarwa da dubban 'yan'uwanta ta wasu 'yan mahaɗai. Koyon abu, a wurin masana, shi ne ƙarfafar waɗannan mahaɗai da ƙulluwar sababbi, kamar yadda turba ke fitowa fili a daji idan ana yawan bin ta. An daɗe ana zaton cewa da zarar mutum ya girma, ginin ƙwaƙwalwarsa ya tsaya ke nan. Bincike ya rushe wannan zato.

A shekarar 2000, Eleanor Maguire da abokan aikinta suka ɗauki hoton ƙwaƙwalen direbobin tasi na birnin Landan, waɗanda sai sun haddace tituna kimanin 25,000 kafin a ba su lasisi. Sai aka ga ɓangaren baya na hifokamfas, wato sashen da ke kula da tuna wurare, ya fi na sauran mutane girma. Mai gardama zai iya cewa ai da ma haka aka haife su. Don haka aka sake wani binciken da aka wallafa a 2011, inda aka auna masu neman lasisin kafin su fara horo da kuma bayan shekara uku zuwa huɗu. Waɗanda suka ci jarrabawar, sashen nan nasu ya ƙaru. Waɗanda suka bari ko suka faɗi, ba a ga canji a nasu ba. Dukkansu kuwa manya ne, ba yara ba.

Abin da Ke Raguwa da Abin da Ke Ƙaruwa

Wannan ba ya nufin shekaru ba su da tasiri. Masanin halayyar ɗan Adam Raymond Cattell ya raba basira gida biyu: saurin warware sabuwar matsala, da kuma taskar sani da mutum ya tara. Wani bincike na Hartshorne da Germine a 2015 ya nuna cewa saurin sarrafa bayani yana kai ƙololuwa ne wajen shekara 18 zuwa 19, daga nan ya riƙa sauka a hankali, alhali yawan kalmomin da mutum ya sani yana ci gaba da hauhawa har bayan shekara 60.

Ke nan ɗan shekara arba'in zai iya jin yara sun riga shi gama lissafi, amma yana da inda zai rataya sabon ilimi. Manomin shinkafa a fadamar kogin Kwara ya san halin ƙasa da ruwa kafin a koya masa sunayensu a aji. Ɗan kasuwar da ya shekara yana canjin naira da sefa a kan iyaka ya riga ya saba da lissafin kaso. Haka kuma wanda ya tashi da Hausa da Dandanci ko Fulatanci, ya tsinci Faransanci a kasuwa, ya san yadda ake koyon harshe.

Akwai dabaru uku da za su taimaka. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. Saboda haka awa guda kullum bayan sallar asuba ta fi kwana a zaune daren jarrabawa. Na biyu, barci yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta adana abin da aka koya da rana. Na uku, daga wajen shekara 40 ido kan fara kasa ganin ƙananan rubutu a kusa, domin madubin cikinsa ya rage laushi. Wanda kansa ke ciwo in ya buɗe littafi, ya je a auna idonsa kafin ya yanke wa kansa hukuncin cewa ƙwaƙwalwa ce ta gaza.

Ƙofofin Shiga

Matakin farko shi ne kiredit biyar, har da Ingilishi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Wanda sakamakonsa bai cika ba, hukumomin WAEC da NECO suna shirya jarrabawa ta musamman domin masu zaman kansu.

Daga nan hanya ta rabu uku. Ta farko ita ce jarrabawar UTME ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake yi, Ingilishi dole ne a ciki, jimillar maki 400. Tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta ta, don haka wanda bai saba da na'urar ba ya fara sabawa tun da wuri. Ta biyu ita ce shiga kai-tsaye zuwa aji biyu, ga mai takardar NCE ko difloma ko IJMB. Wannan ita ta fi dacewa da malaman makaranta, ciki har da waɗanda suka sami NCE ta hanyar karatu daga gida a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976. Ta uku ita ce Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, da aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. An tsara ta ne domin mai aiki ya yi karatu ba tare da ya bar aikinsa ba. A nan ne tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya karɓi digirin dakta a 2018, yana da shekara 80.

Ga mai son zama a aji kuwa, akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato (1975), da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero (2006), da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi (2013). A lura cewa wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala digiri ba ya zuwa bautar ƙasa. Takardar sahalewa ake ba shi.

Hattara da Gajeriyar Hanya

Kusancin iyaka yana da nasa tarkon. A watan Disamba na 2023, ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin 'yan makonni, ba tare da ya shiga aji ba. A watan Janairu na 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, sannan a watan Agusta ta sanar cewa jami'o'i biyar kawai ta amince da su a Benin, uku a Togo. Benin tana da jami'o'in gwamnati na ƙwarai, irin su na Abomey-Calavi da Parakou, amma duk wanda zai tsallaka ya fara tabbatar da matsayin makarantar daga ma'aikatar. Takardar bogi kan cinye kuɗin gumin shekaru, ta kuma raba mutum da aikin da yake da shi.

Kammalawa

Ga ɗalibai, darasin shi ne su adana sakamakonsu na sakandare da kyau, su kuma cike darasin da suka faɗi tun karatun bai huce ba. Ga malamai, su sanar da iyaye da tsofaffin ɗalibansu cewa ƙofa ba ta rufe ba. Baligi zai biya farashi da lokacinsa da aljihunsa da haƙurin iyalinsa, kuma zai zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Amma ta fuskar ƙwaƙwalwa, kimiyya ta wanke shi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.