Fadamar Paynes Prairie: Ruwa, Namun Daji da Masu Zuwa Kallo

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a yi bayani game da wani gandun daji da ke Jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, wanda ake kira Paynes Prairie, da irin abubuwan da jama'a ke zuwa yi a cikinsa. Gandun fadama ce shimfiɗaɗɗiya mai faɗin fiye da eka 21,000, tana kudu da birnin Gainesville, kuma gwamnatin jiha ce ke riƙe da ita. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, duk abin da baƙo zai gani ko zai yi a wannan wuri, hawa da saukar ruwa ne ke yanke shi. Wanda bai fahimci halin ruwan ba, ba zai gane abin da idonsa ya nuna masa ba.

Asalin Fadamar

Ƙarƙashin wannan yanki dutse ne mai laushi, irin wanda ruwa ke cinyewa a hankali har ƙasa ta lotsa. Ta haka ne fadamar ta samu. A gefenta na arewa akwai wani rami da ake kira Alachua, wanda ta nan ne ruwan ke zurarewa zuwa ƙarƙashin ƙasa, inda yake haɗuwa da taskar ruwan da mutanen yankin ke sha. Idan ramin yana shanye ruwa yadda ya kamata, sai fili ya bayyana, ciyawa ta tsiro. Idan kuwa ruwa ya fi ƙarfinsa, sai fadama ta koma tafki.

Tarihi ya tabbatar da haka. A ƙarni na 17 Sifaniyawa sun yi kiwon shanu a nan. Daga baya ƙabilar Seminole suka zauna, kuma daga sunan wani sarkinsu, watau Payne, wurin ya sami sunansa. A 1774 masanin tsirrai William Bartram ya ziyarci fadamar, ya kuma siffanta ta a littafin tafiye-tafiyensa. Amma daga 1871 aka yi ruwa mai yawa, ramin ya toshe, wurin ya zama tafki na kusan shekara 20, har jiragen ruwa masu tafiya da tururi suna jigilar kaya a kansa. A 1891 ramin ya buɗe, ruwa ya janye, ya bar kifaye birjik a cikin taɓo.

Abin da Ake Zuwa Kallo

Babban abin da ke jan jama'a shi ne tsuntsaye, domin an ƙidaya fiye da iri 270 a gandun. Akwai dangin zalɓe da balbela da shamuwa da agwagin ruwa. Mafi shahara shi ne wani dangin gauraka mai launin toka da jan goshi, sai dai ba shi da tukku. Wasunsu mazauna ne, amma mafi yawa baƙi ne da ke gudo wa sanyin arewa, su iso wajen watan Nuwamba, su koma wajen Fabrairu. Sun fi son ruwa marar zurfi, wanda za su kwana a tsaye a cikinsa. Saboda haka a shekarar da ruwa ya yi yawa ainun, ko ya ƙafe, sukan nemi wani wuri.

Haka kuma akwai kadoji masu yawa, musamman kusa da ramin Alachua. Kada ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, shi ya sa a ranakun sanyi yakan fito gaɓa ya sha hantsi. A lokacin fari kuwa, kadoji kan taru a 'yan wuraren da ruwa ya rage. Daɗin daɗawa, akwai dawakin jeji waɗanda asalinsu daga dawakin Sifaniyawa ne, da kuma ɓaunar Amurka, wadda aka kawo guda 10 daga Jihar Oklahoma a 1975, don a maido da dabbar da aka yi imani ta taɓa zama a yankin.

Misali mafi kusa na ikon ruwa shi ne abin da ya biyo bayan guguwar Irma ta 2017. Fadamar ta cika har ruwa ya hau gefen babbar hanyar mota da ta ratsa ta. Wani irin dodon koɗi na ruwa ya yawaita, sai ga wani dangin shirwa wanda kusan ba shi da abinci sai dodon koɗi ya bayyana, har ya yi sheƙa a 2018. Ambaliyar da ta rufe wa masu yawo hanya ita ce ta kawo wa masu kallo sabon baƙo.

Hanyoyin Shaƙatawa

Kusa da ɗakin karɓar baƙi akwai hasumiya mai tsawon ƙafa 50, wadda daga kanta ake hango fadamar da madubin hangen nesa. Akwai hanyoyin ƙafa da dama, kamar ta La Chua, wadda ke bi ta kan gadar katako ta gefen ramin. Masu keke suna da hanya mai kwalta ta mil 16 daga Gainesville zuwa Hawthorne, wadda ta bi ta gefen gandun. A tafkin Wauburg ana tuƙa kwalekwale, ana kuma kamun kifi da fatsa, amma ba a yarda da jirgi mai injin fetur ba. Har wa yau akwai wurin kafa tanti ga masu son kwana.

Kallon namun daji sana'ar mai haƙuri ce. Da sassafe ko da la'asar sakaliya dabbobi suka fi motsi, kuma mai hayaniya yakan koma gida hannu rabbana. Dokar Fulorida ta hana ba kada abinci, dalili kuwa shi ne kadan da ya saba karɓa daga hannun mutum yakan daina tsoronsa, ƙarshenta sai a kashe shi. An kuma hana shiga da kare a wasu hanyoyin.

Hannun Ɗan Adam

Ba kullum aka bar fadamar ta bi halinta ba. A farkon ƙarni na 20 makiyaya sun haƙa magudanai, suka yi datsiya, don su busar da ita su sami makiyaya. Gwamnati ta saye ta a 1970, ta mai da ita wurin da aka keɓe a 1971. Tun daga nan ma'aikata ke ƙoƙarin maido da tafiyar ruwa ta asali, suna kuma saka wuta da gangan a kan ƙa'ida don kada itatuwa su cinye filin ciyawa. A 2000 an gina gajeriyar katanga da kwalbatoci a hanyar motar, domin macizai da kwaɗi da kififiya su riƙa bi ta ƙarƙashi, abin da ya rage mutuwarsu ƙwarai. A 2015 kuma aka buɗe wata fadama ta ginin hannu mai suna Sweetwater, wadda ke tace ruwan birni kafin ya isa ramin.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tsuntsu da kada da ɗan yawon buɗe ido duk ruwa ɗaya suke jira. Tsare fadamar ba don nishaɗin masu kallo kaɗai ba ne, gama abin da ya shiga ramin Alachua yau, shi ne zai fito a rijiyar mutanen yankin gobe.