Zomon Gida: Yadda Ake Bambanta Namiji da Tamata, da Lokacin Fiɗiya

Kiwon zomo ya yaɗu cikin birane da ƙauyukan ƙasar Hausa. Wasu suna kiwonsa domin nama, wasu domin sayarwa, wasu kuwa, musamman yara da matan aure, sha'awa ce kaɗai ta sa suke ajiye shi a gida. Cikin abubuwan da suke ɓata wannan kiwo har da rashin sanin namiji da tamata tun zomayen suna ƙanana. Mutum yakan sayi biyu a kasuwa a kan cewa mata ne, bayan 'yan watanni a wayi gari da jarirai cikin keji. Wani kuma ya sayi biyu domin su hayayyafa, ashe duka maza ne, su yi ta faɗa har ɗaya ya raunata ɗan'uwansa. Irin wannan ciniki yakan jawo gardamar da za ta kai gaban mai unguwa ko dagaci. Saboda haka aka rubuta wannan takarda, domin hakimai da malamansu su san yadda al'amarin yake, su kuma isar da shi ga talakawa.

1. Zomon gida da zomon daji

Ko da yake sunansu ɗaya a bakin Bahaushe, zomon gida dabam, zomon daji dabam, ba su ma barbarar juna su haihu. Ɗan zomon daji ana haihuwarsa da gashi, idonsa a buɗe. Zomon gida kuwa asalinsa daga ƙasar Sifen da Fotugal yake, ana haihuwar ɗansa tsirara, idonsa a rufe, ba ya buɗewa sai bayan kamar kwana 10. Dukan abin da ke cikin wannan takarda a kan zomon gida yake.

Shi ma zomon gida iri iri ne. Akwai ƙanana waɗanda ba su wuce kilo 2 ba. Akwai matsakaita masu kilo 4 zuwa 5, kamar farin nan mai jan ido da ake kira Niyuzilan, wanda aka fitar da irinsa a Amurka. Akwai kuma manya ƙwarai, irin na ƙasar Beljiyam, masu wuce kilo 6. Ƙaramin iri ya fi saurin balaga: yakan isa haihuwa yana da wata 4, wani lokaci ma kafin haka. Matsakaici yakan isa a wata 5 zuwa 6, babba kuwa sai ya kai wata 6 zuwa 9.

2. Abin da ya sa ba a jinkiri

Zomanya ba kamar akuya ko tunkiya take ba, waɗanda suke da ranakun neman namiji. Ita barbarar ce da kanta take sa ƙwan haihuwarta ya sauko, kamar awa 10 bayan saduwa. Watau kusan ko wane lokaci namiji ya same ta tana iya ɗaukar ciki. Cikin nan kwana 31 yake yi, da ragi ko ƙarin kwana biyu ko uku, takan kuma haifi 'ya'ya 4 zuwa 10, wani lokaci fiye. Har wa yau tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu.

A ƙaddara zomanya ɗaya ta haihu sau 5 a shekara, ko wane karo 'ya'ya 6. Zomaye 30 ke nan, ban da waɗanda 'ya'yanta na fari za su haifa kafin shekarar ta cika. Gidan da aka yi wa zomo biyu wuri da abinci ba zai ɗauki wannan ba. Daga nan sai cunkoso, sai yunwa, sai zawo. Ban da haka, idan aka bar 'yan ciki ɗaya a keji ɗaya, wa zai barbari ƙanwarsa tun jikinta bai yi ƙwari ba, ta tsumbure, iri kuma ya yi ta lalacewa.

3. Yadda ake riƙe zomo

Kada a ɗauki zomo ta kunnuwa, gama yana jin zafi ƙwarai, jijiyoyin kunnen kuma suna iya lalacewa. Ƙashinsa ba shi da kauri, ƙafafunsa na baya kuwa ƙarfi gare su. In ya yi harbi sa'ad da gindinsa yake reto, yana iya karya ƙashin bayansa, ya shanye har abada. Mai dubawa ya zauna a ƙasa ko a kan tabarma, ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirjin zomon, ɗaya ya tallafi gindinsa, ya jingina bayansa a jikinsa har cikin ya fuskanci waje. Ya fi kyau mutum biyu su yi aikin, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya duba. A yi shi da rana inda haske yake, a gama da sauri, gama zomo ba ya son a kwantar da shi rigingine.

4. Yadda ake dubawa

A ƙarƙashin wutsiya akwai kafa biyu kusa da juna. Wadda take dab da wutsiya dubura ce, wadda take wajen ciki kuwa ita ce al'aura. Mai dubawa ya ɗaga wutsiya da yatsa, ya sa babban yatsansa gaban al'aurar, ya danna a hankali har naman ciki ya ɗan fito.

In namiji ne, abin da ya fito zai miƙe kamar ɗan bututu, bakinsa a zagaye, da 'yar kafa ƙarama a tsakiya, ko ta ina kuma a rabe yake da dubura. In tamata ce, za a ga tsaga mai ɗan tsawo, gabanta a ɗage, bayanta kuwa yana gangarawa har kusa da dubura. A taƙaice, zagaye namiji, tsaga tamata.

Gwanaye sukan gane tun zomo yana ɗan kwanaki, amma ga sauran mutane lokacin da ya fi dacewa shi ne lokacin yaye, watau mako 5 zuwa 6 da haihuwa. A sake dubawa a mako na 8, sa'an nan a tabbatar a mako na 10 zuwa 12. A wannan lokaci ne 'ya'yan marainan namiji suke saukowa, a gan su cikin jakunkuna biyu marasa gashi sosai, ɗaya a ko wane gefe, a ɗan gaban al'aura.

5. Inda ake yin kuskure

Na fari, zomo yana iya janye 'ya'yan marainansa zuwa cikin ciki in ya tsorata ko ya ji sanyi, gama hanyar da suke bi ba ta rufewa muddin ransa. Saboda haka rashin ganinsu ba shaida ba ne cewa zomanya ce.

Na biyu, in an danna da ƙarfi, al'aurar 'yar zomanya takan turo waje har ta yi kama da ta namiji. Bakin kafar ake dubawa, ba tsawon abin da ya fito ba.

Na uku, akwai wasu mazan da ake haihuwarsu da tsaga a jikin bututun, a ɗauke su mata har sai marainansu sun sauko. Irin wannan ba a ajiye shi domin iri.

Na huɗu, a gefen al'aura hagu da dama akwai wasu 'yan aljihu masu tara maiƙo mai duhu da wari. Namiji da tamata duk suna da su, ba su nuna kome ba.

Na biyar, girman kai da tattarar fatar da ke ƙarƙashin haɓa ba abin dogara ba ne ga ƙanana, gama sai zomanya ta girma wannan tattara take fitowa. Haka kuma hawa bayan juna, domin zomanya ma takan hau 'yar'uwarta don nuna fin ƙarfi.

Hanyar da ta fi sauƙi ga mai koyo ita ce ya jera 'yan ciki ɗaya, ya duba su bi da bi. Da ya ga biyu mabambanta kusa da juna, ya gane ke nan, gani ya kori ji.

6. Ranar rabawa

Wannan ita ce babbar magana. Lalle ne a raba maza da mata kafin su cika mako 12, in ƙaramin iri ne kuwa tun a mako na 10. Wanda aka yi shakkarsa a ware shi shi kaɗai har a tabbatar. Mata 'yan ciki ɗaya suna iya zama tare in keji yana da fili. Maza kuwa da sun balaga sai faɗa, sukan ciji juna a maraina da kunnuwa, don haka ko wane sai da ɗakinsa. Mai bukatar iri ya samo namiji daga wani gida, kada ya haɗa 'yan uwa ɗaya, in lokaci ya yi kuma zomanya ake kai wa ɗakin namiji, gama ita ba ta yarda baƙo ya shiga nata.

7. Wanda ake yi wa fiɗiya

Zomon da za a yanka yana da wata 3 ko 4 ba ya bukatar fiɗiya, rabawa ta ishe shi. Wanda aka zaɓa domin iri ma ba a taɓa shi. Maganar fiɗiya ta shafi zomon da aka ajiye don sha'awa, wanda in an kula da shi yakan yi shekara 8 har 12.

Namijin da aka fiɗiye yakan rage faɗa da fesa fitsari, ya zauna lafiya da abokin zama. Ga zomanya kuwa amfanin ya fi haka nauyi. Likitocin dabbobi sun gano cewa ciwon daji na mahaifa yana cikin manyan cututtukan zomanya in shekarunta sun ja, har a wasu irin yakan kama fiye da rabin waɗanda suka wuce shekara 4. Yakan fara da jini cikin fitsari ko raguwar 'ya'ya, daga baya ya bazu zuwa huhu. Cire mahaifa da ƙwan haihuwa tun da ƙuruciya shi ne rigakafinsa. Yana kuma kawar da cikin ƙarya, wanda zomanya takan yi kwana 16 zuwa 18 tana tuge gashinta tana haɗa sheƙa, alhali ba ta ɗauke da kome.

8. Lokacin da ya dace

Namiji ana iya yi masa da zarar 'ya'yan marainansa biyu sun sauko sosai, yawanci yana da wata 3 zuwa 5. Zomanya ƙarama ko matsakaiciya ana yi mata a wata 4 zuwa 6, babbar iri kuwa sai ta kai wata 6 ko fiye. In an yi gaggawa, mahaifar ta yi ƙanƙanta, tana da wuyar kamawa. In an yi jinkiri har kitse ya lulluɓe ta, aikin yakan ƙara wuya da haɗari. Tsohon zomo ma ana iya yi masa, amma sai likita ya auna lafiyarsa tukuna.

Zomo ba ya jimrin zafi, yakan galabaita in zafi ya wuce digiri 30. In da hali, kada a sa ranar aikin a tsakiyar bazara, a kuma kai shi da sassafe cikin kwando mai shan iska.

9. Aikin likita ne

Manoma sun saba da dandaƙar bunsuru da rago, wasu da ƙarfen dandaƙa, wasu da zoben roba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai dace da zomo ba. Tun da yake hanyar marainansa a buɗe take har cikin ciki, in wanda bai sani ba ya yanka, hanji yana iya biyowa ta nan. Aikin zomanya kuwa buɗe ciki ne. Duka biyu sai likitan dabbobi, da allurar barci, da maganin kashe zafi, da kayan aiki masu tsabta. Ba ko wane likita ne ya saba da zomo ba, don haka mai shi ya tambaya tukuna. Akwai asibitocin koyar da likitocin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma kuma zai iya nuna wanda ya fi kusa. Inda ba a sami likita ba, a tsaya ga rabawa, ta wadatar wajen hana haihuwa.

10. Kafin aiki da bayansa

Kada a hana zomo abinci kafin aiki kamar yadda ake yi wa kare, gama zomo ba ya amai, in cikinsa ya zauna ba kome kuma hanjinsa yakan tsaya. Bayan aiki a sa shi wuri mai tsabta da inuwa, a ba shi ruwa da harawa da ɗanyen ganyen da ya saba ci. In ya yi awa 12 bai ci ba, ko bai yi kashi ba, a koma wurin likita nan da nan. A duba ɗinkin safe da yamma har kwana 10, a tsare shi daga ƙuda, domin tsutsa tana saurin kama miki.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: namijin da aka fiɗiye yana iya yi wa zomanya ciki har mako 4 zuwa 6 bayan aikin. Kada a haɗa su sai mako 6 sun cika.

11. Abin da ake roƙon hakimai da malamansu

Dukan ƙidayar da ke cikin wannan takarda daga ranar haihuwa take farawa, mai kiwon da bai san ranar ba kuwa zato kawai zai yi ta yi. Saboda haka ana roƙon malaman hakimai su nuna wa masu kiwo yadda za su rubuta abu huɗu a ɗan littafi ko a jikin keji: ranar haihuwa, yawan 'ya'ya, ranar dubawa, da ranar rabawa.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan bayani a taron dagatai da masu unguwanni, a kuma isar da shi makarantu, gama yara ne suka fi riƙe zomaye. Su gargaɗi masu sayarwa a kasuwa cewa ɗan zomon da bai kai mako 8 ba kada a ba da tabbacin jinsinsa, mai saye kuma ya duba da idonsa kafin ya biya. In gardama ta zo gabansu a kan irin wannan ciniki, su tambayi makonnin zomon a ranar da aka sayar da shi, gama kuskure a kan ɗan mako 4 abu ne da yakan sami ko wanda ya daɗe yana kiwo. Su kuma hana a yi wa zomo fiɗiyar gida, su tura mai bukata wurin malamin dabbobi na yankinsu.